Rarrafen Ɗan Barewa

A Jidda na fara gane an yi mini sakiyar da ba ruwa. Dillalin da ya shirya mini tafiyar ya rantse da Allah cewa aikin haɗa magunguna zan yi a wani babban kanti a Madina. Abin da na karanta ke nan, takardun shaida kuma suna cikin jakata, na naɗe su a leda kamar layu. Muna fitowa daga filin jirgi wani siririn Balarabe ya karɓe fasfona, ya ce shi wakilin kafili ne, wato mutumin da ya ɗauki nauyin shigowata ƙasar, wanda ba ni da ikon motsi sai da yardarsa. Na miƙa masa takarduna, ko kallonsu bai yi ba. Ya ɗora yatsa a kan biza ya karanta mini kalma ɗaya: amil. Larabcina na makarantar allo ne, amma ya ishe ni in gane lebura aka rubuta.

Kwana uku na yi a wani ɗaki mai taga ɗaya, ni da waɗansu mutane da ba mai jin yaren wani. Na ƙi cin abinci don fushi, sai ka ce fushin zai tarar da dillalin a Kano. A rana ta biyu wani gajeren mutumin Bangaladash ya turo farantin shinkafarsa gabana, ya yi mini nuni da baki. Na girgiza kai. Ya sake turowa. Da ya ga na kafe, sai shi ma ya naɗe hannu ya daina ci. To, ni ba zan ɗauki alhakin yunwar bawan Allah ba. Na sa hannu, barkonon ya kusa cire mini hanci, muka cinye tas. Har yau ban san sunansa ba.

Motar Madina ta tashi da hantsi. Tun daga nan ban ga komai ba sai baƙaƙen duwatsu, ba ciyawa, ba inuwa, na ce a raina ko ƙadangare sai ya yi guzuri kafin ya ratsa nan. Da la'asar sakaliya hasumiyoyin Masallacin Manzo suka bayyana, motar ta ɗauki salati gaba ɗaya. Na yi kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba. Rabin fushina a nan ya sauka, rabin kuma na shiga gari da shi.

A Anbariyya aka sauke ni, a wani ɗaki a saman shagon mai ɗinki, mu biyar. Aikina a kantin magani shi ne sauke katon-katon daga mota, jera su a sito, da goge tayil. Mutumin Masar da ke bayan kanta in ya rikice a kan wani magani yakan leƙo sito ya tambaye ni a hankali, in faɗa masa. In ya koma gaban masu saye kuma sai ya ɗaga murya ya ce in kawo tsumma. Wannan ya fi katon ɗin yi mini nauyi. Ga kewar gida. A lokacin kaset muke yi, mu ba masu Umara su kai. Nakan zauna in yi wa gida magana da murya irin ta manya, in ce aiki lafiya lau, Larabawa har layi suke yi don in duba su. Babana nake so ya ji, shi ya sa.

Babana shi ne Sarkin Bakan ƙauyenmu, a bakin dajin Falgore. Yayyena duk maharba ne. Ni sau ɗaya ya taɓa fita da ni, ina ɗan shekara goma. Muka laɓe a bayan wata sabara tun sassafe, barewa ta zo har ina ganin gashin idonta, ya ja baka, sai tari ya kufce mini. Bai zage ni ba, bai doke ni ba. Ya rataya bakansa muka dawo gida shiru. Da aka zo neman yaran da za a sa a makarantar boko, ni ya miƙa. Daga ranar bai sake cewa in biyo shi daji ba, ni kuma ban daina jiran ya ce ba.

Na yi wata bakwai a haka, rannan katon ɗin ruwan ƙarin jini ya suɓuce ya faɗo mini a babban yatsa. Na dafe ƙafa na ce, "Wayyo Allah, na shiga uku." Sai na ji an ce a bayana, "Sannu. Ba ka shiga uku ba, ɗaya ka shiga." Na waiga. Wani dattijo ne dogo, baƙi kamar ni, cikin farar jallabiya da jan rawani irin na 'yan ƙasa, riƙe da takardar maganin hawan jini. Idanunsa sun yi fari-fari, sai ya karkata kai yake kallon mutum. Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda na ji a bakin kakata.

"Wane gari?"

Na faɗa masa.

"Yaushe rabonka da tuwo?"

Na fara ƙirga watannin da yatsu, lissafin ya ɓace mini. Ya ce, "To, na ji." Ya juya wajen mutumin Masar, ya yi masa Larabci da sauri-sauri, na dai tsinci Juma'a a ciki. Daga ranar aka bar mini yinin Juma'a gaba ɗaya, abin da na yi wata bakwai ina roƙo.

Mutanen Madina suna ce masa Ammi Juma. Ya ce ni in ce Baffa, ai duk ɗaya ne. Gidansa yana Bani Harisa, shi da matarsa Hajiya da babban ɗansa Azizu, wanda yake jin Hausa sarai amma in ka yi masa sai ya mayar maka da Larabci. Juma'ar farko da ya kai ni gidan, Hajiya ta ajiye mini tuwo da miyar kuka har da man shanu. Na so in ci irin na baƙo, loma uku in tsame hannu, amma hannun ya ƙi jin magana. Ina cikin santi Baffa ya ce, "Ɗan wane ne kai a garinku?" Na ce ɗan Sarkin Baka. Sai ya ajiye kofin shayinsa, ya tashi yana laluben bango, ya shiga ɗaki. Ya jima, sannan ya fito da wani abu naɗe a tsohon zane, ya ɗora mini a cinya.

Kan burtu ne. Na san shi kamar yadda na san hular babana. Burtu baƙin tsuntsun nan ne babba mai dogon baki, wanda ke yawo a ƙasa cikin namun daji ba sa gudunsa. Maharbi yakan busar da kansa, ya kafa a lanƙwasasshen itace, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin tufa, ya yi ta rarrafe yana gyaɗa kai kamar mai tsince-tsince, har ya isa inda kibiya za ta kai. Wannan ya tsufa, bakin ya tsage, fatar wuyan ta zube.

"Na ubana ne," in ji Baffa. "Da ƙafa muka taso aikin Hajji, ina ɗan shekara bakwai ko shida. Shi ke ciyar da ayari. In guzuri ya ƙare sai ya ɗaura wannan ya shiga ciyawa, ya dawo da barewa. A ƙasar Sudan zazzaɓi ya kama shi, ba mu kai bakin teku da shi ba. Uwata ta kawo ni nan, ta kawo wannan. Bai samu ya koya mini komai ba." Ya karkato kai. "Kai ma kana harbi?"

Tuwonsa yana cikina, hannunsa yana kan gwiwata, wata bakwai ba wanda ya taɓa ni sai don ya ture ni daga hanya. Na buɗe baki na ce, "Haba Baffa, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Baki shi ke yanka wuya.

Ashe bai daɗe da sayen fili ba. Ya yi shekara da shekaru yana tuƙa tankar ruwa, da ya ajiye aiki sai ya sayi wani yanki can bayan dutsen Uhudu, tafiyar kusan sa'a guda a mota. Ya ce sai da ya tambayi malamai ya tabbatar wurin ya fita daga iyakar Harami, don a cikin Haramin Madina ba a farauta, ko zomo ba a kora. Wanda ya sayar masa ya ce in sanyi ya shigo, aka samu ruwan farko, barewa kan sauko daga duwatsu. Saura wata uku sanyi ya shigo. Baffa ya ce Allah ne ya jefo masa ni.

Juma'ar da ta biyo, muna fitowa daga masallaci Azizu ya ɗauke mu a motarsa ta ɗaukar kaya. Ina sanye da farar rigata ta Juma'a, na shafa turaren udu har a gemu, kamar kowa a Madina. Filin ba abin da ke cikinsa sai tsakuwa, da rijiya ɗaya, da 'yan dabinai da suka gaji da duniya, da wata kurna a gefen kwari. Baffa ya riƙe kafaɗata ya ja ni bakin kwarin, inda ya ce mai filin ya nuna masa sawu. "Idona ba ya kai ƙasa. Duba mini." Na durƙusa. Sawun kofato ne ƙanana, rababbe biyu. Na shafa, na ɗebi ƙasa na murza, na yi gyaran murya yadda na ga babana yana yi. Na ce, "Barewa ce, Baffa. Uku ne, har da ɗa." Allah Ya yafe mini, ɗan nan ban san inda na samo shi ba.

Daga nan muka shiga shiri, kowace Juma'a daga Azahar zuwa Magariba. Ni na san kamannin abubuwa, don na girma ina kallo daga bakin zaure, amma ban san cikinsu ba. Da wannan kamannin na yi ta ba da umarni. Muka gina kwamin ruwa da siminti a bakin kwari. Na ce sai da kanwa, namun daji suna son lasa, Hajiya ta samo mana dunƙule biyu wajen wata mata 'yar Damagaram da ke saye a hannun alhazai. Muka shuka barsim, ciyawar da suke ba dabbobi, a ƙaramin fage kusa da rijiya. Muka kafa rumfar ganyen dabino inda Baffa zai zauna. Na sari reshen kurna na lanƙwasa a wuta ya zama baka, ko in ce wani abu mai kama da baka. Bakin burtun na ɗaure shi da filastar kantinmu, Hajiya ta ɗinka masa jan ƙyalle a wuya. Da aka zo maganar baƙin tufa, ta ɗauko tsohuwar abayarta ta ce, "Ungo, amma in barewa ta yaga mini kaya kai za ka ɗinke."

Baffa kuwa sai ya koma yaro. Ya zauna a kan bulo yana riƙe mini igiya, yana tambaya: da wane hannu babanka yake riƙe baka, me yake ci kafin ya fita, yana yin kirari kafin ko bayan? In na sani in faɗa, in ban sani ba in ƙirƙira. Shi kuma ya ba ni labarin hanya, garuruwan da suka yada zango suka yi noma kafin su ci gaba, da yadda uwarsa ta daka gero a gidajen mutane. Wani lokaci Hausar ta ƙare masa a tsakiyar zance, ya cika da Larabci, sannan ya tambaye ni, "Yaya ma ake cewa?" In na faɗa masa sai ya maimaita kalmar sau biyu, yana murmushi. Na so mutumin nan ƙwarai. Ranakun mako shida ina ɗaukar katon, amma a raina ina lissafin saura kwana nawa Juma'a.

Rannan ina zuba ruwa a kwami Azizu ya zo ya tsaya kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. Ya ce in sani gwamnati ta hana harbin barewa, shi ba zai kawo bindiga ba, kuma in na harbi wani abu da wannan sandar tawa shi bai san ni ba. Na ji daɗi a raina kamar an sauke mini kaya. Sannan ya dubi inda babansa yake zaune, ya tilasta wa bakinsa Hausa, yana tuntuɓe. "Abuya... da, ba ya cin abinci. Likita ya ce zuciya, ya ce ido. Yanzu yana ci. Kada ka karya masa rai." Wannan ce Hausa mafi tsawo da na taɓa ji daga gare shi.

A makon da ya biyo na hau saman kwarin neman duwatsun tare ruwa, sai na ci karo da wani tsohon makiyayi Balaraben ƙauye da garken awakinsa. Muka gaisa. Ya yi mini godiya da hannu biyu, ya ce Allah Ya saka wa wanda ya gina kwamin nan, awakinsa kullum da safe a nan suke sha, gishirin nan ma sun ji daɗinsa. Na tambaye shi barewa fa? Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce rabon da a ga barewa a kwarin nan tun yana saurayi. Na dubi sawun awakinsa a ƙasa. Uku ne, har da ɗa.

Makonnin da suka rage ban san yadda na yi su ba. Kowace Juma'a nakan fito da niyyar in faɗa masa, in na ga ya fito bakin ƙofa yana jirana da sandarsa sai niyyar ta narke. Tsoro biyu nake ji, kuma ba zan ɓoye ba, na kaina ya fi girma. Ina tsoron zuciyarsa, ina kuma tsoron ranar da zai ce wa Hajiya kada ta ƙara zuba wa maƙaryacin nan tuwo. Duk faɗin Madina nan ne kaɗai ake kiran sunana daidai. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na sani, amma na yi ta fatan nawa ya ɗan ƙara tsawo.

Sanyi ya shigo, aka yi ruwan farko ranar wata Laraba. Baffa ya aiko Azizu har kanti ya ce Juma'a muna idar da Asuba za mu tafi, mu dawo kafin huɗuba. Muka isa gari ya fara wayewa, ƙasa na ƙamshin ruwa. Azizu ya ajiye motar daga nesa ya zauna a ciki. Na zaunar da Baffa a rumfa, na lulluɓa masa bargo. Na sa abayar Hajiya. Shi da kansa ya ɗaura mini burtun a goshi, ya ƙulla igiyar a ƙeya ya ja sau biyu. Muka zauna muna jira. Rana ta fara taɓa kan duwatsu, sai na ji ƙarar tsakuwa daga saman kwari. Suka gangaro a jere, bunsuru a gaba.

"Sun zo?" in ji Baffa, can ƙasa-ƙasa.

"Sun zo."

"Bismillah. Tafi."

Na kife a ƙasa na fara rarrafe. Wanda bai yi rarrafe a kan tsakuwar Madina ba bai san gwiwarsa ba. Baka a hannu ɗaya, abaya na harɗe mini ƙafa, burtu na rinjayar kaina. Na tuna yadda babana yake yi a tsakar gida in yana koya wa yayyena: taku uku, ka tsaya, ka sunkuyar da kai sau biyu kamar ka ga fara, ka waiga hagu, ka ci gaba. Na yi haka. Tari ya taso mini, na danne shi har hawaye suka fito. Na yi ta matsawa har na fara jin warin bunsurun. Sai a lokacin wani tunani ya faɗo mini, wanda ya kamata ya zo tun wata uku: ƙasar nan ba burtu a cikinta. Dabbar Hijaz ba ta taɓa ganinsa ba balle ta saki jiki da shi. Bunsurun ya ɗago kai daga kwami, ya ƙare mini kallo, ya ja da baya taku biyu. Ni na ɗauka gudu zai yi. Sai ji na yi ya sauke mini ƙahonsa a kafaɗa, na wuntsila, baka ya yi gabas ni na yi yamma. Awakin suka ɓarke da kuka, kukan da ko kurma ya san ba na barewa ba ne. Daga saman kwari makiyayin yana dariya, daga nesa ina jin Azizu yana dukan sitiyari.

Na tashi na karkaɗe abaya. Burtun dai bai karye ba, shi na fara dubawa. Na koma rumfa ina ɗingishi, na durƙusa gaban Baffa, na kwance igiyar na ajiye masa a cinya. Ban iya ɗaga kai ba. Na ce, "Baffa, awaki ne. Tun farko awaki ne. Ni ban taɓa harbin ko kurciya ba. Sau ɗaya babana ya kai ni daji, na kore masa nama, ya ba da ni boko. Ƙarya na yi maka don kada ka daina kirana. Ka yafe mini."

Da na ɗago sai na ga gemunsa ya jiƙe sharkaf.

"Sabi'u," ya ce, "idona ne ya mutu, hancina yana nan. Ran da ka durƙusa a kan sawun nan kana ƙamshin udu kamar ango, na san ba maharbi ba ne. Ubana ko sabulu ba ya taɓawa in zai fita. Da toka yake shafe jiki."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa ka gudu?" Ya shafa bakin burtun, inda filasta take. "Ni nama zan ci da waɗannan haƙoran? Abin da na riƙe na ubana ɗaya ne. Wata safiya ya zaunar da ni a gindin itace ya ce kada in motsa, ya ɗaura wannan ya tafi yana rarrafe, baƙi, yana gyaɗa kai, yana ƙanƙancewa cikin ciyawa. Fuskarsa ta ɓace mini tuntuni, wannan ne kawai ya rage, shi ma ya fara dushewa. 'Ya'yana ba wanda zai yarda ya sa. Yau da wannan idon nawa ban ga akuya ba, ban ga abaya ba. Baƙin abu na gani yana tafiya, taku uku ya tsaya. Haka yake yi. Wallahi haka yake yi." Ya share fuska da gefen rawani, sai kuma dariya ta kufce masa. "Ka ce mini barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To ga shi ya yi. Ni kuwa dama rarrafen nake nema."

Muka dawo gari muka samu Juma'a. Hajiya ta duba abayarta ta ga ta yage a gwiwa biyu, ta miƙo mini allura da zare kafin ta miƙo tuwo.

Na ƙara shekara biyu a Madina. Filin ya zama wurin shan shayinmu, makiyayin ya zama abokin Baffa, barsim ɗin awakinsa suka cinye. Kaset ɗin da na aika gida bayan wannan rana na daina faɗin layin Larabawa, amma ban iya faɗin gaskiyar duka ba. Da kafili ya sake ni zan tafi, Baffa ya riga ya kwanta, ba ya fita. Ya sa Azizu ya ɗauko burtun a tsohon zanen nan ya ɗora mini a cinya kamar ranar farko. Ya ce, "Ya yi Hajjinsa, ya gaji. Mayar da shi inda 'yan'uwansa suke. Ka ba Sarkin Baka, ka ce in ji ƙaninsa na Madina." Bayan wata huɗu Azizu ya aiko mini da saƙon rasuwarsa. A kaset ya yi, kuma da Hausa, tun daga sallama har ƙarshe.

Ran da na isa ƙauyenmu, sai da jama'a suka watse sannan na sami babana shi kaɗai a zaure. Ya tsufa, amma idonsa yana nan. Na warware zanen. Ya ɗauki burtun da hannu biyu, ya juya shi, ya shinshina, ya bi ƙullin itacen da yatsa. Ya ce aikin mutanen da ne, yanzu ba mai yin irinsa. Sai ya tsaya a kan filasta ya ce, "Wannan kuma wane gwanin ne?" Na ce ni ne. Daga nan na faɗa masa komai, katon da tsumma, ƙaryar kaset, sawun awaki, abayar Hajiya, har ƙahon bunsuru. Na gama na sunkuyar da kai ina jira.

"Ina ka kai kafin su ankara?" ya ce.

"Har na ji warin bunsurun."

"A kan tsakuwa?"

"A kan tsakuwa."

"Ba ka yi tari ba?"

"Ya taso. Na danne."

Ya naɗe burtun a zanensa a hankali, ya tura ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai. Na miƙe zan shiga gida, har na kai bakin ƙofa, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe ka tashi da wuri. Kada ka shafa turare."